Hadiyya da Rijiyar Kufai

Hadiyya 'yar ƙanin mahaifina ce, Malam Muhyiddeen na Balan, wanda rabin mutanen unguwarmu a gabansa suka yi karatun Islamiyya. Gida ɗaya muka tashi ni da ita. Ba yarinya ce mai surutu ba, kuma ba ta da rigima, sai dai ba ta iya barin abu sai ta ga cikinsa. Rediyon Malam ta sha kwancewa a hannunta, haka agogon bangon zaure. In aka yi mata faɗa sai ta sunkuyar da kai ta ba da haƙuri, gobe kuma a tarar da ita a bayan rumbu da tocilan a warwatse kan zaninta. Da Malam ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai ya bar ta, bisa sharaɗi ɗaya: duk abin da ta kwance ta mayar da shi yadda ta same shi.

Bayan ta sauke Alƙur'ani ta gama sakandare, ta tafi Wudil ta karanta kwamfuta. Ta auri Anas, malamin lissafi, suka zauna a cikin Gaya. Ta ɗan yi aiki a wani shago da ake yi wa ɗalibai rijistar jarrabawa, daga nan wata ƙungiyar manoman rani ta ɗauke ta. Abin da zan ba da labari a wannan aikin ya same ta.

Ƙungiyar tana da rijiyoyin burtsatse masu aiki da sola a ƙauyukan Gaya da Ajingi. Kowace rijiya akwai wani ɗan akwati a jikin ƙarfen tankinta, da layin waya a ciki. Akwatin yana magana da wasu kwamfutoci da ke can wata ƙasa, waɗanda ƙungiyar ta kama haya, masu sana'ar suna kiransu gajimare. Daga can ake ba famfo umarnin ya tashi ko ya tsaya, can kuma ake ajiye labarin ruwan da ya fita. Wanda ya haɗa wannan duka wani saurayi ne ɗan Toranke, Hafizu. Shi kaɗai ya san kansa. Sai ga shi da damina zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin mako ya zagayo an kai shi makwanci.

Rijiyoyin suka ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. Amma in ɗaya ta lalace, ba wanda zai sani sai manoma sun yi ta kira. Shi ya sa shugaban ƙungiyar, Alhaji Kabo, ya nemo wani dandali na kula da gajimare, wanda in an haɗa shi zai nuna komai a allo ɗaya. Haɗa shi ne aikin farko da aka ba Hadiyya.

Ta yi wa Alhaji bayani yadda zai gane. Ta ce dandalin baƙo ne, ba ya shiga sai an yi masa suna an ba shi izini. Izinin kuma hawa-hawa ne: akwai na gani kawai, akwai na taɓawa, akwai na mai gida, wanda shi ke ba wasu. Ta duba ta tarar mutum ɗaya ne rak yake da na mai gida, Hafizu.

Alhaji ya ce, "To ai ya taɓa gaya mini kalmar sirrinsa. Sunan gonar kakansa ce, ban manta ba."

"Ba za ta isa ba, Alhaji. In na sa ta, sai an aika tambaya zuwa wayarsa, a danna amincewa a can."

"Wayar tana wajen iyalinsa."

"To sai mu nemi yardarsu. Ba zan shiga da sunan mamaci a ɓoye ba."

Bazara ta kankama lokacin da ta je Toranke. Anas ya kai ta a babur ya tsaya a zaure wajen maza. Bara'atu, matar Hafizu, ba ta daɗe da fita takaba ba. Yarinya ce siririya, ta shimfiɗa wa Hadiyya tabarma a inuwar bango, suka gaisa, Hadiyya ta sake yi mata ta'aziyya sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

Bara'atu ta ce, "Wayar tana nan, Yaya. Ina sa mata caji saboda hotunansa. Amma ni yanzu ba na son buɗe ta."

"Me ya sa?"

Ta ce, "Kullum in rana ta take, sai ta yi haske. Ba kira ba ne, ba kuma saƙon mutum ba. Wani rubutu ne na Turanci yake fitowa ya ɓace. Da farko ina tashi da gudu. Yanzu na naɗe ta a ɗankwali na sa a cikin kwalla, na rufe."

Hadiyya ta ce mata wataƙila sanarwa ce ta aiki, kada ta sa wa ranta komai. Ta buɗe kwamfutar ofis a kan cinyarta, ta sa sunan Hafizu da kalmar sirrin. Allo ya nuna an aika tambaya zuwa waya, ana jiran amsa.

"To ɗauko ta, Bara'atu."

"Bari in kawo miki ruwa tukuna, kin sha rana."

Ta nufi randa a ɗaya gefen tsakar gidan. Hadiyya tana kallon bayanta, tana jin ƙarar moɗa a bakin randa. Ɗakin da wayar take yana hannun damanta, labule a sake, ba ya ko motsi. Gidan tsit, ko kaji sun lafe. Da ta mayar da idonta kan allo, sai ta ga jiran ya ƙare. An amince. Shafin gajimaren a buɗe, da sunan Hafizu a sama.

Ta gaya mini a lokacin ba tsoro ta fara ji ba, haushi ta ji, irin na wanda lissafi ya ƙi fitar masa. Ta ce, "Bara'atu, akwai wani a ɗakin nan ne?"

"Ba kowa."

Suka shiga tare. Ba kowa ɗin. Bara'atu ta sauke kwanukan da ke kan kwallar, ta ɗaga murfi, ta warware ɗankwalin. Fuskar wayar a kunne take, tana nuna an karɓi amincewa. Bara'atu ta sake ta a kan katifa kamar ta taɓa garwashi, ta ja baya tana salati.

Hadiyya ta zauna a bakin gadon ta ƙarasa aikinta. Ta ba wa kanta izinin mai gida, ta ba wa Alhaji Kabo, sannan ta fita daga sunan Hafizu. A hanyar komawa ta gaya wa Anas. Ya ce ai kwamfutar ta Hafizu ce a da, ƙila gajimaren ya gane ta ne ya buɗe. Ta ce yana yiwuwa, amma in haka ne da ba a aika tambaya ba tun farko.

Washegari ta shiga da sunanta ta fara haɗa dandalin. Mutumin kamfanin dandalin da ke taimaka mata ta waya, wani mai suna Mus'ab, mutum ne mai haƙuri. Ya bi da ita mataki-mataki: ta yi wa dandalin suna a cikin gajimaren, ta fitar masa da makullin shiga, wato wasu lambobin sirri, ta kai su ta sa a dandalin. Da suka zo kan izini ya ce yawancin mutane na taɓawa suke bayarwa, don dandalin ya riƙa kashe duk abin da ya ga ba shi da mai shi.

Ta ce, "Ni ban san abin da ke cikin gidan nan ba tukuna. Na gani kawai zan ba shi. In na gama sani, ma yi magana."

"Ba laifi, Hajiya. Haka ma daidai ne, sai dai aikin zai fi yi miki yawa."

Ta danna. Allon ya ɗan yi juyi, sai rijiyoyin suka fara bayyana a kan taswira, ɗigo-ɗigo, kowace da sunan ƙauyenta. Ta kira Alhaji ya zo ya gani. Ya sa tabarau yana bin su da yatsa yana murmushi, yana faɗin wane ne ke noman albasa a nan, wane ne ke tumatir a can. Sai yatsansa ya tsaya a kan wani ɗigo da ke can gaba da Gafasa, shi kaɗai, ba hanya kusa da shi. Ba shi da sunan ƙauye. Dandalin ya yi masa jar alama, ya rubuta cewa ba a san mai shi ba, yana ba da shawarar a kashe.

Alhaji ya ce, "Wannan ba tamu ba ce."

"A cikin namu take, Alhaji. Kuma tana aiki. Kullum da tsakar rana take tashi, ta yi ta zuba har wajen la'asar."

"Wa yake tayar da ita?"

Hadiyya ta duba. "Hafizu."

Ya cire tabaraun. Ya ce ya san wurin. Kufai ne. A da rugar Fulani ce da wasu gidajen manoma, rijiyoyinsu suka ƙafe, mutane suka watse, wasu Gafasa, wasu Ajingi. Ƙungiyar ta taɓa haƙa burtsatse a can don ta tsayar da su, aka kafa tanki da sola, amma ruwan da ya fito bai taka kara ya karya ba, daga baya ma ya ɗauke. Aka haƙura. Shi a saninsa an kwashe kayan tuni, Hafizu aka aika ya kwaso.

"Ba ruwa a wurin nan, 'yata. Da idona na gani."

"Na'urar ta ce akwai."

"To kashe ta kawai. Ni ba na son abin da ban gane ba."

Ta roƙe shi ya bari ta je ta gani tukuna. Bai so ba, amma ya yarda.

Ranar Asabar suka tafi ita da Anas. Bayan Gafasa suka bar titi suka bi burtali, daga nan burtalin ya zama 'yar hanyar ƙafa, yashi yana kama tayar babur. Gonaki fayau, ba kowa, sai kututturan dawa da gawo nan da can. Da hantsi ya yi nisa suka hango kuka, da tankin ruwa a kan ƙafafunsa na ƙarfe.

Kufan ya fi yadda ta zata girma. Katangu sun narke sun zama tudu-tudu, wani wuri ƙofa ce kaɗai a tsaye ba ɗaki a bayanta. Akwai turmi a kife, gara ta cinye gefensa. Anas ya kashe babur, shirun wurin ya rufe su. Hadiyya ta ce abin da ya fara damunta shi ne ba ta ji kukan tsuntsu ko ɗaya ba.

Suka ƙarasa gindin tankin. Faifan solar a goge yake tas. An ɗaure wani tsagin bututu da robar taya, ɗauri mai kyau. Daga bakin famfon an ja wata 'yar kwata, gefenta a gyare kamar jiya aka bi ta da fartanya, ta miƙe ta bi bayan wani rusasshen gida.

Suna tsaye, inuwarsu ta dawo ƙarƙashin ƙafafunsu, sai akwatin ya yi ƙara ƙas. Wata 'yar fitila ta kama. Ƙasa ta ɗauki gurnani a hankali, bututun ya yi tari, sai ga ruwa, fari tas, da ƙarfinsa. Hadiyya ta san haka za a yi, ta gani a allo, amma duk da haka sai da ta kama hannun rigar Anas.

Suka bi kwatar. A bayan gidan ta rabu biyu. Ɗaya ta shiga wani kwami da sawun awaki a bakinsa. Ɗayar ta wuce zuwa wani fili mai ƙananan tuddai a jere, da fasassun tukwane a kansu. Maƙabartar garin ce. An dasa darbejiya a gefenta, ƙanana, kore shar a tsakiyar wannan ƙuna. Anas ya yi wa mamatan sallama da murya ƙasa-ƙasa.

Aka amsa daga bayansu.

Wata tsohuwa ce zaune a ƙofar wata bukka da ba su lura da ita ba, don karan da aka yi ta da shi ya yi kalar ƙasar wurin. Bafulatana ce, fara, ta tsufa ƙwarai, idanunta sun yi fari da yana. Tana riƙe da sanda a tsakanin gwiwoyinta.

Bayan sun dawo hayyacinsu suka durƙusa suka gaishe ta. Ta ce sunanta Muslima, amma kowa Goggo yake ce mata. Ta ce da mutane suka tashi ita ta ƙi, don mijinta da 'ya'yanta duk ga su nan kwance, ta nuna filin da sanda. Wani ɗan ƙaninta yana kawo mata hatsi daga Gafasa ranar kasuwa. Ruwa kuwa, da sai ta yi tafiya mai nisa da tulu, har Allah ya kawo Hafizu.

"An aiko shi ya kwance ƙarafan nan. Ya tarar da ni. Ya zauna nan inda kike, ya sha nono. Sai ya ce, Goggo, bari in gwada wani abu. Ya yi ta zuwa yana saukar da igiya yana ƙara bututu, har ruwa ya zo. Ya ce kada in gaya wa kowa tukuna, sai ya san yadda zai faɗa wa manyansa."

Hadiyya ta kalli Anas. Ta ce, "Goggo, Hafizu fa... Allah ya yi masa rasuwa tun da damina."

"Na sani, 'yar nan. An gaya mini. Allah ya ji ƙansa."

"Amin."

"Ke ce ta Balan ɗin?"

Ba su faɗa mata daga inda suke ba. Hadiyya ta ce, "Ni ce. Wa ya gaya miki?"

"Shi. Ya ce akwai wata 'yar malamai daga Balan da za ta zo neman izini. Ya ce ya ba ta."

Anas ya gyara zama. Ya ce, "Goggo, yaushe ya faɗa miki haka?"

Ta ɗaga fuskarta sama kamar mai lissafi, sannan ta girgiza kai. "Ni kwanaki sun cakuɗe mini, ɗan nan. Ranar dai da ya ɗaure bututun can ne."

Hadiyya ta tashi ta koma gindin tankin ita kaɗai, ta tsuguna ta duba robar. Ta gaya mini ba za ta iya rantsuwa a kan sabuwa ce ko tsohuwa ba. Rana ba ta cinye ta ba, abin da ta iya faɗa ke nan. Ta kuma san Hafizu bai taɓa saninta ba. Ana neman wata biyu da rasuwarsa kafin ma ta ji labarin aikin. Anas ya ce ƙila ɗan ƙanin ne ya ji zancen a Gafasa ya kawo wa tsohuwar, ita kuma ta haɗa shi da tsohon zance. Hadiyya ba ta musa ba. Da suka tambayi mutumin daga baya, ya ce shi bai san wata 'yar Balan ba, kuma bai taɓa taɓa bututun ba, amma makiyaya na bi ta wurin, ƙila su ne.

Abin da ta iya ganowa da iliminta ta gano shi. Hafizu ya tsara umarni ne a gajimare, kullum da tsakar rana a tayar da famfon kufai, kuma ya ɗora umarnin a kan izininsa na kansa don kada ya fito a cikin na ƙungiya. Hasken da wayarsa ke yi a cikin kwalla sanarwa ce cewa famfon ya tashi. Wannan ta kira Bara'atu ta gaya mata, Bara'atu ta yi ta kuka a waya, ta ce ita ba ta taɓa sanin yana zuwa can ba.

Saura matsala ɗaya. Bai kamata a bar sunan mamaci a buɗe da izinin mai gida ba, duk wanda ya samu wayar nan zai iya yin abin da ya ga dama da rijiyoyin mutane. Amma in ta rufe sunan, umarnin zai mutu tare da shi, ruwan Goggo ya tsaya.

Ta kai maganar gaban taron ƙungiya. Aka yi ta ja. Wasu suka ce a ɗauko tsohuwar a kai ta Gafasa, a kwance kayan a kai inda ake noma. Wani ya ce shi tun da ya ji labarin ba ya son ko a ambaci wurin. Alhaji Kabo ne ya rufe zancen. Ya ce su suka haƙa rijiyar don mutanen wurin, kuma ga mutum ɗaya ta rage, ga ruwa ya zo. A sa ta cikin na ƙungiya.

Hadiyya ta yi wa famfon kufai suna nasa na kansa a gajimare, ta ba shi izini ɗan ƙarami, wanda bai wuce tayar da wannan famfo ɗaya da tsayar da shi ba. Ta mayar da umarnin a kan wannan sabon sunan. Ta rubuta wa ɗigon suna a taswira, jar alamar ta ɓace. Sai bayan nan ta kira Mus'ab, suka ƙara wa dandalin izinin taɓawa, shi ma a kan abubuwan da ta zaɓa kaɗai.

Rufe sunan Hafizu kuwa ba ta yarda ta yi shi a ofis ba. Ta koma Toranke da safe, ta zauna a tabarmar nan, Bara'atu a gefenta da wayar a tafin hannu. Suka yi masa addu'a. Hadiyya ta ce, "In rufe?" Bara'atu ta gyaɗa kai. Ta danna. Suka zauna suna jira har rana ta take, har aka kira azahar. Wayar ba ta yi haske ba. A allon Hadiyya kuwa ɗigon kufai ya koma kore, ruwa na fita.

Bara'atu ta daɗe tana kallon baƙar fuskar wayar. Sannan ta ce, "Da ina jin tsoronta. Yanzu kuma da ta yi shiru..." Ba ta ƙarasa ba. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Bayan 'yan kwanaki Hadiyya ta ce sai ta je ta ga ruwan da idonta, ba ta yarda da allo kaɗai ba. Suka sake tafiya da Anas, ta riƙa wa Goggo sukari da sabulu da man zafi. Sun tarar da famfon yana zuba, awaki a bakin kwami. Goggo na zaune inda suka bar ta. Ba wanda ya gaya mata abin da aka yi. Ko an gaya mata ma ba lallai ta gane ba.

Hadiyya ta ce, "Goggo, ruwa dai bai yanke ba ko?"

"Bai yanke ba, Allah ya yi miki albarka." Ta lalubo hannun Hadiyya ta riƙe. Tafinta a bushe, da sanyi. "Amma ba shi ke kunnawa ba yanzu."

"Ta yaya kika sani, Goggo?"

"Da in ruwan zai zo, sai an yi mini sallama tukuna. Tun ranar Talata ba a yi ba."

Ranar Talata ce Hadiyya ta koma Toranke ta rufe sunan Hafizu.

Ta zauna tare da tsohuwar har inuwa ta karkata, ta share mata bukka, ta cika mata tulu. Da za su tafi Goggo ta ce, "Kada ki damu. Ya gaji ne. Gara da kika karɓe shi."

Goggo Muslima ta ƙara shekara guda a duniya. Ɗan ƙaninta ne ya tarar da ita ranar kasuwa, a kwance a bukkarta, an lulluɓe ta da zaninta har ka. Aka binne ta kusa da nata. Kafin nan labarin ruwan ya bazu, gidaje biyu daga cikin waɗanda suka tashi sun dawo sun kafa bukkoki suna gwada albasa, bana an ce sun ƙaru. Bara'atu ta yi aure a Ajingi.

Hadiyya tana nan a aikinta. Rijiyoyin sun ƙaru, har wata ƙungiya daga wajen Ajingi ta roƙa ta haɗa musu nasu. Duk inda ta je, ba ta tashi sai ta ga mutum biyu masu rai suna riƙe da izinin mai gida, kuma ba ta yarda a ɗora aikin famfo a kan sunan mutum. In aka tambaye ta dalili sai ta ce ƙa'idar aiki ce, kuma gaskiya ta faɗa.

Labarin kufai ba ta cika ba da shi ba. Ni ma sau ɗaya ta ba ni shi daga farko har ƙarshe, ranar sunan 'yarta ta biyu, bayan mata sun watse muna tattara kwanuka. Na tambaye ta, ita a ranta me ta ɗauka. Ta ce ta tambayi Malam, ya ce mata mamaci ba ya dawowa, abin da ya rage mata shi ne ta yi masa addu'a, kuma a kan haka ta tsaya. Na ce to wa ya danna wayar? Ta ce, "Ban sani ba, Yaya." Jaririyar ta motsa a ɗaki, ta ajiye kwanon da ke hannunta ta tafi wajenta.